Wankin injin ƙanƙara a zafin Tawa

A nan Tawa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma mai sayar da zoɓo da ruwan tsamiya irina, ƙanƙara ce jarinta. Da injina ya fara ja da baya, ƙanƙarar na fitowa ƙanana kuma a makare, hankalina ya tashi. Maƙwabta suka ce gas ne ya ƙare. Mai gyaran firigo ya zo ya leƙa, ya ce: "Hajiya, gas lafiya lau yake. Dauɗa ce."

Ya nuna mini ƙarfen da ruwa ke daskarewa a kansa. Wani farin abu ya dafe shi, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Idan ruwa na daskarewa, yawancin gishirin ƙasa da ke cikinsa yakan tsaya a ruwan da ya rage cikin tanki, ya yi ta taruwa har ya zama ɓawo. Ɓawon nan ke tare sanyi, ya hana ƙanƙara saki.

Tun daga ranar ni ke wankin da kaina. Sai na cire waya daga wuta tukuna, in zubar da ruwan tanki kaf. In haɗa farin binegar da ruwa rabi da rabi, in zuba, in bar shi ya jiƙa har ɓawon ya yi laushi, in bi da tsohon buroshin haƙori kusurwa-kusurwa. Wuƙa kam ba ta zuwa kusa, don in ta huda ƙarfen, a lokacin ne gas zai tsere da gaske. Bayan ɗauraya sosai sai jabel, wato bilicin da ke kashe ƙwayar cuta, kaɗan cikin ruwa mai yawa, saboda santsin nan da ke fitowa a bututu da murfi. Jabel da binegar ba sa haɗuwa ko kusa: suna fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji. Ƙanƙarar zubin farko da na biyu zubarwa nake yi.

Sashen nan na jabel ya fi damuna, domin mutane da yawa sun ɗauka sanyi na kashe ƙwayar cuta. Ba ya kashewa. Abin da ya shiga ruwan, yana nan cikin kofin yaron da ya saya, ko na mai azumi da ya sha ruwa da shi. Shi ya sa ludayin ɗiba ma yana da kwanonsa mai murfi, hannu ba ya shiga.

Bayan injin kuwa, ƙurar hunturu ce ke toshe ragar da fanka ke hurawa, sai zafi ya rasa mafita. Nakan kakkaɓe ta da busasshen buroshi, na kuma janye injin daga bango kamar kamu ɗaya. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, nakan jira minti 5 kafin in kunna, kada kwamfuresa, wato na'urar da ke tura gas, ta tashi da nauyi.