Goron Likita

Yau na raka wani yaro daga ɗakin shan maganinmu zuwa babban asibiti. Jiya Alhamis ya faɗo daga amalanke a hanyar dawowa daga kasuwar Maigatari, ya miƙe garau har ya ci tuwo, da asuba kuma sai amai da barci mai nauyi. Aka ɗauki hoton kansa da na'urar siti sikan, amma likitan da ke karanta hoton yana Kano, ta intanet aka tura masa. Ni dai na ƙura wa kwamfuta ido, abin da na gani kawai wani fari ne a gefen hagu kamar ɓarin goro. Ba a jima ba waya ta yi ƙara: jini ne ya taru tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yana danne ta, a shiga tiyata yanzu-yanzu.

Uban yaron ya laluba aljihu, hannu na rawa, ya ciro goro biyu. "Ɗana, ina likitan in yi masa godiya?" Na ce, "Baba, yana Kano, ko fuskar yaron bai gani ba." Ya yi jim, ya ce to in ajiye masa. Goron na aljihuna har yanzu, ban ma san kamannin mai shi ba.