Shirin Matuƙin Jirgin Sama Idan Na'ura Ta Gaza

A ganina, horon matuƙin jirgin sama bai cika ba idan ya tsaya ga haddar matakan da ke littafin ƙa'ida, domin akwai matsalar da littafin bai tanadi maganinta ba.

A ranar 19 ga Yuli, 1989, injin wutsiyar wani jirgin United Airlines ya tarwatse, ya tsinke dukkan bututun mai uku da ake juya jirgin da su. Kyaftin Al Haynes ya karɓi taimakon wani mai horar da matuƙa da ke cikin fasinjoji, suka riƙa karkata jirgin ta hanyar ƙara wa ɗaya daga cikin injuna biyun da suka saura wuta suna rage wa ɗayan, har suka kai Sioux City a Amurka, inda jirgin ya yi haɗari wajen sauka, amma mutum 184 cikin 296 suka tsira.