Godiya ga waɗanda suka riƙe hannun ƙanina

Alhamdulillahi. Jiya ƙanina ya cika shekara guda cur yana aiki a shagon ɗinki, mun ɗan yi walima a gida, shi ya sa na ce bari in fito fili in yi godiya.

Shekara 6 yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira sikizofireniya. Yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, barci ya ƙaurace masa, inda yake aiki da farko suka sallame shi. Bayan mun sha yawon neman magani, Allah Ya kai mu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano. Likitoci da ma'aikatan jinyar wurin, Allah Ya saka muku da alheri. Musamman baiwar Allahn da ta zaunar da shi ta ce, "Kai wane aiki kake so?" Wallahi a shekarun nan duka ba wanda ya taɓa tambayarsa, har mu 'yan gida. Mun ɗauka sai ya warke sarai sannan a yi zancen sana'a, ashe aikin ma yana cikin maganin.

Babbar godiyata ga maigidansa, Alhaji mai shagon. Ya san halin da ake ciki, ya karɓe shi, kuma yana biyansa daidai da sauran teloli, ba sadaka ba. Da ya lura maganin dare na sa shi nauyin jiki da safe, sai ya ce ya riƙa zuwa ƙarfe 10. Ranar allurar wata-wata kuwa shi da kansa ke tuna masa. Ana gab da ƙaramar Sallah, kowa na kwana a shago, ya hana shi, ya ce, "Tafi gida ka yi barci, ɗinki ba ya guduwa." Ya gane rashin barci ne ke tayar masa da ciwon.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma hana nuna wa irinsu wariya. Alhaji, kai ka aikata abin da ta ce tun kafin ka ji labarinta.

Abokan aikinsa, da kuke cin abinci kwano ɗaya da shi kuna kiransa da sunansa, na gode.

Kuɗin farko da ya karɓa, atamfa ya saya wa Inna, ya ɗinka mata da hannunsa. Ita ta ɗaura jiya, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa bakin hannun rigar.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya biya ku da Aljanna.