Zafin da kanti ke zubarwa, shi gidajen sama ke nema

Aikin da aka ba mu rukunin gine-gine ne a tsakiyar birni: kantuna da babban shagon kayan masarufi a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen kwana a sama, ga ƙaramin otal a gefe. Ni ɓangarena shi ne abin da ido ba ya gani, wato sanyi, ɗumi, ruwan zafi, iska da wutar lantarki. Mai aikin ya ce yana son hayaƙin kabon ya ragu sosai, kuma a ransa hakan na nufin a cika rufi da faifan sola.

Sai da na zaunar da shi muka yi lissafi. Faifan sola mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana ba da kamar wat 200 idan rana ta take. Amma rufi ɗaya ne, benaye kuwa suna da yawa, kuma a kan rufin nan injinan sanyaya da ɗakin lif suke neman wurin zama. Mun sa sola, ba mu ƙi ba, sai dai abin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da ginin ke ci.

Inda na daɗe shi ne kan jadawalin mutane. Shekara tana da awa 8,760, kuma mun zana buƙatar kowane ɓangare awa bayan awa. Ofis yana neman sanyi da rana saboda jikin mutane da kwamfutoci da fitilu. Gidaje suna neman ruwan zafi da sassafe da kuma bayan an tashi daga aiki. Otal yana wanka da wanki kusan ko yaushe. Firjin babban shago kuwa ba ya barci. Taɓa bayan firjinka ka ji ɗumin da ke fita, sannan ka ninka shi sau ɗaruruwa. A yadda aka saba, wannan zafin fanka ce ke watsar da shi a kan rufi, alhali taku kaɗan daga nan akwai tukunya tana ƙona gas don a samu zafi iri ɗaya. Wannan ɓarnar ce ta fi tsaya mini a rai.

Abin da muka yi shi ne bututu ɗaya mai zagaye dukkan gine-ginen, da ruwa mai ɗumi-ɗumi a ciki, tsakanin digiri 15 da 25. Kowane ɓangare yana da na'urarsa ta tura zafi. Mai neman sanyi ya zuba zafinsa a bututun, mai neman ɗumi ya ɗiba. Irin wannan na'ura ba ta ƙirƙirar zafi, kwashe shi take daga nan zuwa can, shi ya sa da awo ɗaya na lantarki take ba da awo uku ko huɗu na zafi, tukunyar gas kuwa ko ɗaya cikakke ba ta kaiwa. Ba mu muka fara ba. Jami'ar ETH ta birnin Zurich tana gudanar da irin wannan tsari tun 2013, har tana adana zafin lokacin zafi a cikin ƙasa don amfani lokacin hunturu. Mu da filinmu ya yi kaɗan, manyan tankuna muka sa don su riƙe zafin rana zuwa dare.

Dalilin barin ruwan a ɗumi-ɗumi shi ne bututun ruwa mai tsananin zafi yana zubar da zafinsa a hanya. A Landan an sha kuka da gidajen bene da barandarsu ta ciki ke turiri saboda haka. Sai dai ruwan wanka dole a ɗaga shi zuwa digiri 60 a tanki, domin ƙwayar cutar lejiyonela tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. Nan ba a ciniki, ko da na'urar za ta ƙara cin wuta.

Da mai zanen ginin mun kai ruwa rana kan gilashi. Shi yana son bango gaba ɗaya ya zama taga, ni kuma na san duk hasken da ya ratsa gilashi zafi ne da zan biya kuɗin fitarwa. Mun daidaita a kan rage gilashi a gabas da yamma da yi wa tagogi rumfa ta waje, don labulen ciki yana tare rana ne bayan ta riga ta shiga. Haka na yi da abokan aikina kan girman injina. Kowa yana ƙara ɗan kari don gudun zargi, har inji ya yi wa aikinsa yawa, ya riƙa tashi yana mutuwa. Fanka da famfo kuwa, idan ka rage gudunsu zuwa rabi, wutar da suke ci tana komawa kusan kashi ɗaya cikin takwas.

Akwai kuma iskar sanyaya da ake ɗurawa cikin na'urorin, wadda ita ce ke ɗaukar zafin. Kilo ɗaya na wadda ake kira R410A idan ya tsere, ya fi kilo 2,000 na kabon ɗumama duniya; na wadda ake kira R32 kuwa daidai yake da kilo 675. Tun yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka yi a Kigali a 2016 ake janye irin waɗannan a hankali, don haka muka zaɓi masu ƙaramin lahani, muka kuma gajarta bututunsu.

Duk wannan bai ba ni wuya kamar tambayar da lauyan babban shagon ya jefo mini ba: "Injiniya, wannan zafin namu da kuke ɗiba, kyauta ne ko saye? In bututunku ya tsaya, wa zai biya kayan da suka lalace a firji?" Yana da gaskiya. Dole muka bar musu fankokinsu a matsayin madogara, muka sa mitar zafi a ƙofar kowane ɗan haya, aka rubuta wanda ya mallaki bututun da wanda zai gyara shi. Na kuma ƙara na'ura mai ɗiban zafi daga iskar waje, don shago na iya tashi, gidajen sama kuwa ba za su daina wanka ba.

Bayan an shiga ginin, mitocin suka nuna wani hawa na ofis yana cin wuta fiye da maƙwabtansa. Da muka buɗe silin, sai ga wani bawul, wato makunnin bututu, da wani ya murɗe da hannu ya bari a buɗe: ana ɗumama iska, ana kuma sanyaya ta a lokaci guda. A Ostareliya tsarin NABERS yana auna gini ne da wutar da ya ci a zahiri cikin shekara, ba da abin da aka zana a takarda ba. Tun daga lokacin nake sa sharaɗi a kwangila cewa za mu ci gaba da duba mitoci tare da masu kula da ginin har zafi da sanyi su zagayo, kuma ba a biyan ragowar kuɗin ɗan kwangila sai an gama wannan.