Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciyar da Yaya Bayan Sallama

Makon jiya mun tsaya a ranar da aka sallamo Yaya daga asibiti, bayan haɗarin babur ɗin da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yau maganar ci da sha ce, don a nan masu jinya suka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya.

Rauni a ƙwaƙwalwa kan sa haɗiya ta yi nawa. Hanyar iska ba ta rufewa da wuri, sai abin da aka ba mutum ya zarce huhu. Ruwa zalla ya fi saurin ƙware shi saboda gudu gare shi. Kunu mai kauri, wanda zai kama bayan cokali, ya fi sauƙin haɗiya, amma likita ne zai faɗi kaurin da ya dace. Ɗura kuwa, wadda iyayenmu mata suka yarda da ita, ba ta da wuri a nan ko kaɗan.

A zaunar da shi a miƙe, a tokare bayansa da filo, kada kai ya langaɓe baya. Cokalin shayi za a ɗauka, mai cin mililita 5. A zuba wa maƙogwaronsa ido, sai ya hau ya sauka kafin a ƙara. Lokaci-lokaci a ce, "Yaya, ce aa." In muryar ta fito kamar ta mai kurkure maƙogwaro, akwai abin da ya tsaya, a dakata. Wani ma ko tari ba ya yi in ya ƙware, sai daga baya a ga zazzaɓi da numfashi sama-sama. Wannan na asibiti ne, kada a tsaya kemis.

A kashe rediyo, masu dubiya su ɗan jira a zaure ko da za su ji haushi. Mai gyangyaɗi ba a ba shi komai.

In an gama a leƙa kuncin ɓangaren da ya shanye, loma kan maƙale can bai sani ba. A goge baki, ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. Fitsari ya yi ja ya ragu, ruwa bai ishe shi ba ke nan. Ƙwaya kuma kada a daka sai an tambaya, domin wasu, har da wasu na farfaɗiya, an yi su ne su narke a hankali.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar juyi duk bayan awa 2 da gyambon kwanciya.