Kuɗinka ya shiga, kai kana ƙasa: abin da na gani a makarantar tuƙin jirgi

Tunda na dawo Kano ba a rasa wanda zai turo min ɗansa ko ƙaninsa wai in ba shi shawara yana so ya zama matuƙin jirgi, wasu ma iyayen da kansu suke zuwa har gida bayan magariba. Tambayar kuma ba ta wuce biyu, nawa ne kuɗin, wace makaranta ce ta fi. To ni a wurina ba nan gizo yake saƙar ba, yadda za a biya kuɗin da wanda zai riƙe shi ne magana, shi ya sa na ga gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, don abin da ya same ni ba na fatan ya samu ɗan kowa.

Kwalejin da na fara tana Afirka ta Kudu, ba zan kama sunanta ba. Irin waɗannan ne da suke haɗa maka difloma da lasisi a kwas ɗaya, wani lokaci kana aji wani lokaci kana filin jirgi. Wani ejen ne ya kawo mana ita, ya zo har shagon Abba a Kwari da takardu masu sheƙi, ya ce in aka biya gaba ɗaya tun daga PPL, lasisin farko na tuƙi don kai, har CPL, lasisin da ake aiki da shi a biya ka, da horon tashi da na'ura, da na jirgi mai inji biyu, akwai ragi mai tsoka kuma farashin ba zai motsa ba ko me ya faru. Abba ɗan kasuwa ne, ya san mai sayen dila ya fi mai sayen yadi-yadi samun sauƙi, maganar ta shige shi. Ya sayar da filinsa, Umma ta fito da gwal ɗinta ba tare da kowa ya tambaye ta ba, Baffa ya cika sauran, aka je Wapa aka haɗa dala aka tura. Duk wanda ya san gidanmu ya san ba rarar kuɗi aka ɗiba ba.

Watannin farko lafiya lau. Sai a hankali na fara lura da allon rosta. Wani farin allo ne a ɗakin da muke shiri kafin tashi, kullum da yamma ake rubuta sunaye da maka, ga lambar jirgi ga lokaci ga sunan instrakta, kuma mutum ɗaya ne yake da iko da allon nan, babban malamin tuƙi na makarantar. Sai ka zo ka tsaya kana bin layi da ido daga sama har ƙasa, babu sunanka. Ko kuma yana nan amma an kai ka can bayan azahar, lokacin da iska take tashi hadari ya haɗu, wanda duk wanda ya zauna a can lokacin zafinsu ya san da wuya ɗan koyo ya tashi a wannan lokacin, ka sa yunifom ka duba jirgi ka auna mai ka zauna jira, a ƙarshe a ce an soke. Safiya kuwa, lokacin da sama take kwance luf, kullum mutane iri ɗaya ne a ciki.

Wani makaniken jirgi ne, dattijo, ya fayyace min abin ran nan muna tsaye bakin hanga, rumfar da ake ajiye jirage. Ya ce yaro, ku da kuka biya gaba ɗaya an riga an kashe kuɗinku tuni, an biya albashi an biya bashi, yanzu duk tashin da za ka yi mai ne za a saya da kuɗin da babu. Wanda yake biya awa-awa shi ne yake kawo kuɗin man yau, to wa kake ganin za a fara sawa a allo? Wallahi sai da na ji jikina ya yi sanyi. Wato ragin da aka yi mana shi ne ya mayar da mu ƙarshen layi.

Kuma wanda bai yi harkar ba ba zai gane illar zaman ba. Tuƙin jirgi a farkon koyo abu ne na hannu da ido, in ka yi sati biyu uku ba ka tashi ba saukar da ka fara iyawa sai ta kuɓuce maka, ka dawo kana dukan titin jirgi da ƙarfi ko kana shawagi a kansa ka kasa ajiye jirgin. Sai instrakta ya ce a maimaita darasin, kuma da gaskiyarsa, ba zai sake ka kai kaɗai a haka ba. Amma maimaicin nan ba ya cikin kuɗin da aka biya, don farashin da suke bugawa a takarda a kan mafi ƙarancin awannin da doka ta yarda ne, awa 200 na CPL, duk abin da ya hau kai daga aljihunka ne. Su hana ka tashi, hannunka ya mutu, sannan su caje ka kuɗin farfaɗo da shi. Ga haya tana tafiya, ga abinci, ga biza tana cin wa'adinta, ga medikal ɗin, wato takardar gwajin lafiya, da shekara ɗaya yake yi, hatta jarrabawar takarda da ka sha wahala ka ci tana da lokacin da za ta mutu in ba ka kammala tashi ba.

Duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci shi ne rahoton da babban malamin nan ya rubuta. Makarantar tana tura wa mai ɗaukar nauyi rahoto lokaci-lokaci, sai ya rubuta wai ci gabana yana tafiyar hawainiya, wai ba na mayar da hankali, wai ina buƙatar ƙarin awanni, bai faɗi ko sau ɗaya cewa shi ne ba ya sa ni a allo ba. Ƙanina ne ya karanta wa Abba a shago. Da daddare Abba ya kira ni, bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi min sauƙi, cewa kawai ya yi, "Kai yanzu abin da za ka saka mana da shi ke nan? Ka san dai abin da mahaifiyarka ta fitar." Na ce Abba wallahi ba haka ba ne, ya ce to Bature zai yi maka ƙarya ne a takarda? Na rasa abin cewa. Ina da nisan dubban kilomita, shi yana da takarda mai hatimi, ni ba ni da komai sai bakina.

Na je ofishin babban malamin ni da wasu ɗalibai da abin ya shafa, da ladabi muka je, muka nuna masa ranakun da aka soke mu. Ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya ce in ba mu gamsu ba ga hanya nan, amma mu koma mu karanta yarjejeniyar da iyayenmu suka sa wa hannu. Muka karanta. Babu mayar da kuɗi in ɗalibi ne ya tafi da kansa, kuma babu inda aka rubuta sau nawa makaranta ta ɗauki alkawarin tashinka a sati. Ya san bizarmu a ɗaure take da sunan makarantar, ya san ba mu da kowa a ƙasar. Tun daga ranar kuma sunana ya ƙara nisa da allon.

Abu ɗaya ne ya cece ni. Wata matashiyar instrakta, Allah ya saka mata, tun farkon zuwana ta ce min duk tashin da na yi in rubuta a logbuk ɗina, littafin awannin tashi, a ranar, in sa a sa hannu a ranar, kar in bari sai ƙarshen wata, kuma kar in taɓa barin littafin a ofis. Da na yanke shawarar tafiya sai suka riƙe fayil ɗin horona wai sai na biya ragowar da suka lissafa, amma logbuk nawa ne yana jakata, kowane layi da sa hannu da lambar lasisin wanda ya sa. Da shi wata ƙaramar makaranta ta karɓe ni bayan sun tantance sun kuma gwada ni a sama. Hotunan allon da na riƙa ɗauka a waya kuwa, su na tura wa Baffa ya zauna da Abba ya nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Abba bai ce min yi haƙuri ba, ba halinsu ba ne, amma ya sake nemo kuɗi, kuma ni na san me hakan yake nufi.

Sai dai neman kuɗin ya faɗo a mummunan lokaci. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa farkon 2024 ta wuce 1,500. Nan ne zan yi wa ejen ɗin adalci, maganarsa ta cewa biya gaba ɗaya yana kare ka daga faɗuwar naira gaskiya ce. Amma ai ba sai ka miƙa wa makaranta ba. Sayi dalarka in kana da hali, ajiye ta a akawun ɗinka na dala, ka riƙa biya mataki-mataki, PPL daban, tara awanni daban, sauran daban, ko ma awa goma-goma. Haka na yi a makaranta ta biyu, kuma ba a taɓa mantawa da sunana a rosta ba. Wanda ya yi min gwajin ƙarshe mai jarrabawa ne da hukuma ta naɗa, bai san ni ba bai san labarina ba, muka tashi muka sauka ya sa hannu. Ni da aka ce ba na mayar da hankali.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kafin a biya ko sisi a je a yi medikal na aji ɗaya wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, na ga yaron da sai da ya iso aka gano ba ya bambance ja da kore. A tabbatar makarantar tana da izinin hukumar ƙasarta, a shafin hukumar za a duba ba a takardar ejen ba. Kar a tambaye su jirage nawa gare su, a tambayi nawa ne suka tashi a satin nan kuma ɗalibai nawa ne suke rabonsu, kuma ɗaliban za a tambaya, ba a gaban ma'aikata ba. Turanci ma sai an kai mataki na 4 na ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, yaranmu da yawa a rediyo suke fara daburcewa, a fara gyara shi tun daga gida.

Kuma don Allah kafin a tsallaka teku a shiga mota a je Zariya, kwalejin jiragen sama tana nan tun 1964, a gani da ido a yi magana da waɗanda suke ciki, Ilori ma akwai. Gaskiya ne hazon hunturu yakan tsayar da tashin 'yan koyo a arewa, amma ko ba komai in wani abu ya taso uba zai iya zuwa da kansa ya dawo a ranar, ba wanda zai riƙe ka da biza. Wanda ya yi a waje kuma ya sani lasisinsa sai NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, ta tantance ta mayar da shi na gida, wannan ma kuɗi ne da lokaci. Difloma kuwa ba na raina ta, ranar da medikal ya ƙi ita za ka riƙe, amma kamfani awanni da lasisi yake fara dubawa.

Sannan kar wanda ya ɗauka CPL ne ƙarshen kashe kuɗi. Mu nan Kano mun gani da idonmu, gwamnatin jiha ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi a zamanin Kwankwaso, sun dawo da lasisi, amma da yawa sun daɗe a ƙasa saboda taif retin, wato horo na musamman a kan irin jirgin da kamfani yake amfani da shi kamar Boeing 737, wanda shi ma da dala ake biyansa. Kujerar kyaftin kuwa sai ka tara awa 1,500 kafin ma a fara maganar ATPL, lasisin da ake zama kyaftin da shi. A matakin taif retin ɗin nan nake ni ma yanzu, na kai takarduna inda ya kamata, Abba ya ce in an tashi zai san yadda za a yi. Na ce masa a'a Abba, a bari tukuna sai na ga takardar kamfani a hannuna, don shi ma taif retin ɗin shekara ɗaya yake yi, in ba ka samu jirgin tashi ba sai ka sake biyan kuɗin sabunta shi.