Sabar ko-ta-kwana da ba a taɓa gwada ta ba

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki, kuma akwai abin da waɗanda za su gaje ni ba za su tarar a takardun miƙa aiki ba.

Ku magadana kun san tsarin wayoyin ofishinmu: sabar kira biyu, wato kwamfutocin da ke haɗa kira, babba da ta ko-ta-kwana. Kowace wayar tebur tana riƙe da jerinsu, in ta farko ta yi shiru sai wayar ta je ta yi rajista da ta biyu, wato ta sanar da ita inda za a same ta. Nan babu matsala. Ɓarakar tana wajen na'urar da ke karɓo mana kira daga kamfanin waya, domin adireshin babbar saba kaɗai aka rubuta mata, lambar adireshin intanet (IP) ɗaya tak. Na kai wa Oga maganar a rubuce. Na nemi a sa mata suna a maimakon lamba, yadda bayanan SRV na DNS, kundin da ke fassara suna zuwa adireshi, za su jera mata sabobin bisa fifiko, tsarin da ƙa'idar RFC 3263 ta shimfiɗa tun 2002. Na nemi a kunna saƙon OPTIONS, wanda ke ƙwanƙwasa wa saba ƙofa lokaci-lokaci a ji ko tana nan. Na kuma roƙi dare ɗaya mu kashe babbar da gangan mu ga abin da zai faru. Ya ce abin da ke aiki ba a taɓa shi.

Ranar da babbar ta tsaya cak, wayoyi suka koma ta biyu lafiya lau. Waɗanda ke cikin magana ma ba su ji komai ba, saboda murya hanyarta daban take bi, wadda ake kira RTP, saba tata haɗa kira ce kawai. Ofis ya kira ofis, ya shiga. Amma duk mai kiranmu daga waje, na'urar nan sai ta tura INVITE, saƙon buɗe kira, ga matacciyar saba, ta yi ta maimaitawa har sakan 32 ɗin da SIP, ƙa'idar haɗa kira, ya ɗiba su cika, sannan ta haƙura. Wa zai riƙe waya yana sauraron shiru rabin minti? Kuma tunda cikin gida komai na tafiya, ba wanda ya farga sai da ƙorafi ya fara shigowa ta imel.

A zaman da aka yi washegari, Oga ya ce ma'aikatan fasaha ne suka yi sakaci. Ni aka ba takardar tuhuma. Saƙona yana cikin akwatinsa, ko sau ɗaya bai ambace shi ba, ni ma ban ɗago shi a gaban manya ba. Daga baya aka yi gyaran nan sak yadda na rubuta, rahoton ya fita da sunansa. Allah ya sa alheri.

Sauran a taƙaice. Kada saba biyu su sha wuta daga layi ɗaya. Ku duba tsawon lokacin rajista, don wasu na'urori da saitin awa ɗaya suke zuwa kafin su sake rajista. Duk lambar wayar da kuka ƙara a babbar, ku tabbatar ta isa ta biyu. Kiran da ya tsira bayan saba ta faɗi ba lallai ya miƙu zuwa wani teburi ba, ku faɗa wa masu karɓar waya tun da wuri.

Gwajin kashe babbar kuwa har yau ba a yi shi ba. In za ku nema, ku nema a rubuce, ku sa wani babba a kwafi.